Fitilar Ado a Adaidaita Sahu: Ina Fiyus Ɗinka?

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, maganar wata 'yar waya ce da ta kusa raba ƙanena da abin neman abincinsa.

Ƙanen nawa adaidaita sahu yake ja, kuma ba tasa ba ce, balas yake kaiwa kullum. Kwanaki ya shiga Sabon Gari ya sayo fitilar LED ɗin nan mai kama da igiya, mita biyar, wai don fasinja su riƙa hango shi da daddare. Wani abokinsa ya ɗaura masa ita kai tsaye a kan batir, ya naɗe da baƙin tef, shi ke nan. Bayan sati biyu, muna tsaye da magariba a bakin titi nan Ƙofar Ɗan Agundi, sai ƙauri ya tashi daga inda batir yake. Ashe ƙarfe ya ci robar wayar, ta haɗu da bodi. Allah ya taimaka akwai filaya a kusa, muka cire kan batir. Da da mai goyo a baya fa?

To ku ji, laifin ba na LED ba ne. Ita kam alheri ce: haske mai yawa, cin wuta kaɗan. Saboda shuɗiyar LED ne ma aka ba masana uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Matsalar tana wajen haɗi.

Ga lissafin. Batir ɗin adaidaita bolt 12 ne. Ka duba wat nawa aka rubuta a kwalin fitilar, ka raba da 12, shi ne amfiyar da za ta ja. Irin ta ƙanena wat 72 ce, wato amfiya 6. Saboda haka fiyus mai 7.5 ko 10 take buƙata, da waya mai kaurin da zai ɗauki hakan. A sa fiyus ɗin a jikin jar waya, dab da kan batir mai alamar ƙari, don in waya ta haɗu da ƙarfe shi zai tsinke kafin wuta ta kama. Kada ka yarda a maye gurbinsa da silin waya.

Na biyu, a sa makunni, kuma a jawo wutar daga layin da ke mutuwa in an kashe mukulli. In ba haka ba, ka manta da ita a kunne, da asuba sai turi. Na uku, duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a saka mata roba. Sannan don Allah, masu ɗaura fitila mai walƙiya a gaba, kuna kashe wa na gabanku ido.

Daga ƙarshe wajen mai rewaya muka kai, ya sake aikin cikin awa ɗaya. Kuɗin fiyus ɗin bai kai balas ɗin yini guda ba.

Ɗan uwa, yau kafin ka fita, duba bayan batir ɗinka. In ba ka ga fiyus ba, ka fara biyawa ta wajen rewaya. Ku tura wa direban da kuka sani. Sai mako mai zuwa, Allah ya tsare hanya.