Amsar Takardunku: Shin Gwanin Ƙwallo Shi Ne Gwanin Horarwa?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinsu tana neman mai horar da 'yan wasa, kuma samari sun dage sai a naɗa tsohon gwaninsu. Shi ne yake tambaya, wai duk wanda ya iya taka leda zai iya koyar da ita?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Bari mu amsa maka da labarin wani mutumin ƙasar Finland, can arewacin Turai, mai suna Sami Hyypia.

An haife shi a 1973 a garin Porvoo. Dogo ne, mai tsaron baya. Daga gida ya tafi ƙungiyar Willem II ta ƙasar Holan a 1995, sannan a 1999 Liverpool ta Ingila ta saye shi a kan kuɗi kimanin fam miliyan biyu da rabi. A lokacin, 'yan kallo kaɗan ne suka san sunansa. Amma fa shekara goma ya yi a can, ya buga wasa 464, har ya riƙe muƙamin kyaftin. A 2001 sun ci kofi uku a kaka guda. Yana cikin fili kuma a daren nan na 2005 a Istanbul, lokacin da AC Milan ta zura musu uku kafin hutun rabin lokaci, suka rama duka, suka ɗauki kofin zakarun Turai a bugun fanareti. Ƙasarsa kuwa ya buga mata wasa 105. Ka ji gwani.

Yanzu sai batun horarwa. Ya gama wasa a Bayer Leverkusen ta Jamus a 2011. A watan Afrilun 2012 aka damƙa masa ƙungiyar, amma ba shi kaɗai ba: an haɗa shi da Sascha Lewandowski, wanda ya daɗe yana horar da matasa. Su biyun nan suka kai ƙungiyar matsayi na uku a 2013. Da aka bar shi shi kaɗai, da fari abu ya yi kyau, daga baya nasara ta yi wuya, aka sallame shi a Afrilun 2014. Ya koma Brighton a rukuni na biyu na Ingila, wata shida kacal ya ajiye aiki, ƙungiyar tana can ƙasa-ƙasa. Ya karɓi FC Zurich ta Suwizalan a 2015, nan ma aka sallame shi a Mayun 2016.

To, dubi wani ɗan ƙasarsu, Markku Kanerva. Shi ma ya buga wa Finland wasa, sai dai sunansa bai kai ko kusa da na Hyypia ba. Amma malamin makaranta ne, kuma ya yi shekaru yana horar da matasan ƙasar. Shi ne a 2019 ya samar wa Finland gurbi a gasar ƙasashen Turai, karo na farko a tarihinta.

Ka ga ke nan Malam, iyawa daban, koyarwa daban. Kai ma ka sani, ba kowane gwanin noma ke iya tafiyar da gayya ba. Mai horarwa sai ya iya bayani, ya iya haƙuri da wanda bai kai shi ba, ya iya ajiye abokinsa a benci ba tare da an ɓata ba.

Shawararmu, kada ku watsar da gwanin naku, kada kuma ku ɗora masa kayan shi kaɗai. Ku haɗa shi da wanda ya saba da tarbiyyar yara, ko da malamin firamare ne, ku gwada su kaka guda tukuna. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.