Lokoja: Karatu a Bakin Kogi

 Duk magidancin da ɗansa ke shirin shiga jami'a ya san lissafin Legas: hayar shekara, la'adar dillali, da kuɗin mota kullum cikin cunkoso. Shi ya sa muke cewa a duba Lokoja, garin da muke ratsawa idan za mu gida Arewa.

A nan ne kogin Neja ya haɗu da Binuwai. Lokoja ta zama babban birnin Jihar Kogi a 1991, ta samu Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Hayar ɗaki a unguwar Adankolo ko Felele ba ta kama ƙafar ta Legas ba. Ɗalibi zai hau Keke ya isa aji ba tare da sammako ba, da yamma ya sayi ɗanyen kifi a hannun masunta. Bahaushe ba baƙo ba ne a can, domin Hausawa da Nufawa sun daɗe a garin, har ma sarkin garin Maigari ake ce masa.

Sai dai a yi hattara. Zafin Lokoja ba wasa ba ne, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 sun mamaye unguwanni irin su Ganaja, sun datse hanyar Abuja. Kafin ku biya kuɗin ɗaki, ku tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a waɗancan shekarun, ku nemi gida a kan tudu.