Isnadin Wani Faifai: Head Hunters na Herbie Hancock



Faifan garmahon da na ɗaga muku ɗazu, wanda masu tara tsofaffin faya-fayai ke cigiyar bugunsa na farko, kamfanin Columbia ne ya fitar da shi a Amurka cikin Oktoba na 1973. Sunansa Head Hunters, mai shi kuwa Herbie Hancock, haifaffen Shikago, wanda ya shekara biyar yana kaɗa piyano a ƙungiyar Miles Davis, zaman almajiri gaban malami har ya sami ijaza. Bayan rabuwarsu ya nutsa cikin wani kiɗa mai zurfi wanda sai hawassu ke fahimta, har ya ga ya yi wa jama'a nisa, sai ya karkata ga amon James Brown da Sly Stone, ya gauraya hikimar jaz da kiɗan rawa mai nauyin ganga, ya kuma raɗa wa ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗe huɗu na faifan suna "Sly", don kada falalar mai falala ta ɓoyu.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne mabuɗin "Watermelon Man", kiɗan da Hancock ya fara bugawa a 1962, ya sabunta shi a nan. Kafin ganga ta shigo, za ku ji wata busa mai tsalle-tsalle, wadda Bill Summers, ɗaya daga cikin makaɗan faifan, ya yi da bakin kwalba, yana busawa yana sako muryarsa a tsakani. Wannan kuwa ba ƙirƙirarsa ba ce, domin asalinta hindewhu ne na Ba-Benzele, mazauna kurmin Afirka ta Tsakiya, waɗanda ke yin ta da karan gwanda mai sauti ɗaya tak, murya ta cike gurbin saura. Simha Arom da Geneviève Taurelle ne suka naɗo ta, aka buga a faifai a 1966, daga nan ta ƙetare teku. Hatta fuskar da ke bangon faifan, daga dodon kple kple na Baule ta ƙasar Kodebuwa aka samo siffarta.

Mu da muka tashi muna jin malamai suna jero wane daga wane kafin su karɓi riwaya, ba ma iya kau da kai daga wannan silsila. Ina ƙaunar faifan nan ƙauna ta haƙiƙa, shi ya sa abin ke mini ciwo: an rubuta kalmar hindewhu cikin jerin kayan kiɗan Summers, faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan, a 1994 Madonna ta ɗebi busar ta sa a waƙarta "Sanctuary", amma a layin da ake rubuta mai haƙƙin kiɗa babu sunan Ba-Benzele.

Yanzu, da izinin shugaban taro, zan ɗora allura mu saurari minti biyun farko tare.