Kwana 19 a Jikin Dutsen El Capitan

A gandun Yosemite da ke jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani dutse, El Capitan, tsayinsa kimanin mita 900, a miƙe sak kamar bango. Ranar 27 ga Disamba 2014 Tommy Caldwell da Kevin Jorgeson suka kama hawan ɓangarensa mai santsi da ake kira Dawn Wall, ba su kai ƙololuwa ba sai 14 ga Janairu 2015.

Sharaɗin da suka gindaya wa kansu shi ne hannu da ƙafa kawai. Igiya tana ɗaure a ƙugu, amma aikinta tare mutum in ya suɓuto. Hanyar zango 32 ce, wanda ya faɗi kuma sai ya koma farkon zangon. Barci a tanti suke yi, rataye a jikin dutsen, ƙasa can nesa. Wuraren da suka fi wuya da dare suke hawa da fitilar goshi, domin sanyi yana hana gumi, yatsu da takalmi su fi kama dutse.

A zango na 15 Jorgeson ya maƙale har kwana bakwai, fatar yatsunsa duk ta tsattsage. Caldwell, wanda zarto ya raba da manuninsa na hagu tun 2001, ya riga ya yi gaba, amma ya ƙi ƙarasawa shi kaɗai, ya jira abokinsa. A ganina wannan jiran ya fi hawan wuya.

A 2016 Adam Ondra, ɗan ƙasar Cek, ya bi hanyar tasu cikin kwana takwas.