Ɗauke Wuta Ba Izinin Taɓa Waya Ba Ne

 

Akwai wata al'ada da ta zama jiki daga nan Kalmalo har Illela: da zarar an ɗauke wuta sai mutum ya ce lokacin gyara ya yi, ya buɗe soket da hannu. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke ba Jihar Sakkwato wuta, ba zai aiko a faɗa maka zai dawo da ita ba. Kuma gidajenmu yanzu ba ƙofa ɗaya wuta ke shigo musu ba. Ga janareta, ga sola da baturanta, wani ma daga maƙwabci ya jawo.

Shi ya kawo mu ga na'urar RCD. Aikinta awo ne. Tana auna wutar da ta fita ta jar waya da wadda ta dawo ta ɗaya wayar. Idan lissafi bai daidaita ba, to wuta ta sami wata hanyar zuwa ƙasa, wataƙila ta jikin firijin mai ƙanƙara, wataƙila ta jikin ɗanka. Da bambancin ya kai miliamfiya 30 sai ta yanke, cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Birekar da kuka saba da ita mai amfiya 32 tana jiran fiye da ninki dubu na wannan kafin ta motsa, domin waya aka yi ta ta tsare daga gobara, ba mutum ba. Tun shekarun 1950 aka fara amfani da irin wannan kariya a yankunan haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, amma har yau gidajenmu da dama ba su da ita.

To sai dai ku saurara da kyau, musamman ku samari masu koyon sana'a. Na'urar nan ba ta halatta aiki a kan waya mai rai ba. Idan ka kama wayoyin biyu lokaci guda, kana tsaye a kan busasshen benci, ita a wurinta kwan fitila ne ya kama, ba za ta yanke ba. Ba ta tsare wayar da ke gabanta daga mita. Wayar da ta sauko daga faifan sola kuwa, muddin rana na sama tana ɗauke da wuta.

Saboda haka ka kashe babban makunni da hannunka, ka mayar da canja-layi tsakiya, ka kashe janareta da inbata. Ka zare fis ka sa shi a aljihunka, kada wani ya zo kallon ƙwallo ya mayar. Sannan ka gwada abin awonka a inda ka tabbata akwai wuta, ka auna wayar da za ka taɓa, ka koma ka sake gwada shi. Tastar nan mai ɗan kwai ni ban yarda da ita ba, da rana tsaka ko haskenta ba a gani.

Kada a manta da sandar ƙasa. Rairayinmu yana bushewa ƙayau da rani, gajeriyar sanda ba ta wani aiki.

Magidanta, hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wuta takardar shaida, ku nemi a nuna muku kafin ku ba da aiki. Wanda ke da RCD a gida ya danna maɓallin gwajinta aƙalla sau ɗaya a wata shida. Idan ba ta yanke wuta nan take ba, a kira gwani ya canza ta.