Kafin ka sayar da fili don bin ɗan'uwa Faransa

Kullum ana tambayata: "Yayana yana Faransa, zai iya ɗauko ni?" Ku ji gaskiya: dokar haɗa iyali ta Faransa ba ta san wa ko ƙane ba. Miji ko mata ɗaya ne, sai 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 18. Kuma wanda ke can ne ke ajiye dosiye a OFII, bayan ya cika wata 18 da takardar zama, yana da isasshen albashi da gida. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai ma a rufe yake tun Janairun 2024. To mai cewa ka kawo miliyan ya fiddo maka takarda, ta wace ƙofa? Ku riƙe kuɗinku.