Kafin a ja layi a daji, a tambayi mai shanu



Maganar da zan yi muku ta wani tafki ce a ƙasar Kenya, sunansa Bogoriya. Mutanen wurin Endorois ake ce musu, makiyaya ne kamar mu. A 1973 gwamnati ta mai da bakin tafkin gandun namun daji, aka kore su daga makiyayarsu da wuraren da dabbobinsu ke lasar gishiri. Suka kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Bil Adama ta Afirka da ke Banjul, kuma a 2010 hukunci ya tabbata cewa an zalunce su, a mayar musu da ƙasarsu.

To ku ji abin mamaki. Shekara guda bayan haka, a 2011, UNESCO ta sa wannan tafki cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ba tare da an nemi yardar Endorois ba. Hukumar Banjul ta fito fili ta yi tir da haka a cikin wannan shekarar. Irin wannan kuka ne ya sa aka gyara ƙa'idojin UNESCO. A 2015 aka ce ƙasar da ke son a yi rajistar wani wuri ta fito da takardun cikin harshen da jama'a ke ji, ta kira tarurruka, ta saurare su. A 2019 aka ƙara ɗaure maganar: a nemi yardar mutanen asalin wurin tun kafin a sa sunansa a jerin masu jira, su san abin da suka yarda da shi, kuma ba da tilas ba. Wasu mahukunta za su ce muku kowa ɗan asali ne a Afirka. Ku amsa musu cewa rahoton hukumar Banjul ya ambaci Mbororo da Abzinawa da sunansu.

Wannan ya shafe mu. Gandun dajin W ya shiga jerin nan a 1996, a 2017 aka haɗa shi da Arli na Burkina da Panjari na Bini. Kowa a nan ya san abin da ke samun garken da ya ɓata hanya a can.

Saboda haka idan an kira taro, kada mu tsaya ga cin tuwo da dangwala yatsa. A nuna mana taswira, mu ga inda layin ya bi, wane burtali ya yanke, wace rijiya ta faɗa ciki. A karanta takardar da Fulfulde da Hausa da Tamashek. Lokacin taron ma abin dubawa ne: taron da aka yi da damina, sa'ad da shanu suka yi arewa, taron manoma ne, ko da an rubuta cewa an tuntuɓi kowa. Ku dillalai, burtalin da aka toshe shi ne hanyar kasuwarku, ku ma ku zo.

A Nijar dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Wakilinmu ya riƙe kwafinta a aljihu, kuma kada ya tashi daga taro sai an rubuta abin da ya faɗa, an karanta masa, an ba shi nasa kwafin.